Tsakanin Amana da Doka: Me Ya Sa Ake Son Masana Halayyar Ɗan Adam Su Riƙa Komawa Aji?

Ranar 10 ga watan Satumba ce duniya ta keɓe domin faɗakarwa a kan matsalar mutanen da ke halaka kansu, kuma idan ta zagayo akan ji likitoci da malaman jami'a a gidajen rediyon Gombe da Bauchi suna jan hankalin jama'a, daga nan maganar ta lafa sai baɗi. A 'yan shekarun nan dai ba ta lafa kamar da ba, musamman tun da Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya, a ƙarƙashin jagorancin Farfesa Muhammad Ali Pate ɗan asalin Misau, ta ƙaddamar da kwamiti a watan Oktoban 2024 domin share fagen cire yunƙurin kashe kai daga cikin laifukan da kotu ke hukuntawa.

A cikin wannan muhawara akwai wata tambaya da ma'aikatan fannin suka fi kowa damuwa da ita, ko da yake ba ta cika fitowa fili ba: shin ya kamata a wajabta wa masana halayyar ɗan Adam su riƙa sabunta iliminsu lokaci-lokaci a kan doka da ɗa'ar aiki, da kuma hanyoyin ceton wanda ya fara tunanin halaka kansa? Mai ji daga nesa zai iya cewa me ya rage wa mai digiri biyu ko uku ya koya, kuma me ya haɗa mai jinyar damuwa da karatun lauyoyi. A ganina, a halin da muke ciki a Arewa, waɗannan darussa biyu ba sa rabuwa, domin da zarar majinyaci ya ce ya gaji da rayuwa, ya ɗora wa wanda ke gabansa nauyin jinya da nauyin shari'a a lokaci guda.

Su wane ne ake magana a kansu

Kafin a yi nisa, yana da kyau a gyara kalma ɗaya da ke rikita labarai. A Hausa “kisan kai” na nufin mutum ya kashe wani, saboda haka abin da muke magana a kansa shi ne “kashe kai” ko “halaka kai”, wato mutum ya kawo ƙarshen ransa da hannunsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa fiye da mutum 700,000 ke mutuwa ta wannan hanya a kowace shekara, kusan kashi 3 cikin 4 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, kuma matsalar na cikin manyan abubuwan da ke kashe 'yan shekara 15 zuwa 29.

Jama'a kuma sukan haɗa ma'aikata biyu wuri ɗaya su kira kowa “likita”. Likitan ƙwaƙwalwa ya karanta likitanci sannan ya ƙware a cututtukan taɓin hankali, shi ke rubuta magani, shi ke kwantar da mutum a asibiti. Masanin halayya kuwa bai bi ta makarantar likitanci ba. Ya karanta halayyar ɗan Adam, ya ƙara da digiri na biyu da horo a asibiti, aikinsa gwajin tunani da jinya ta hanyar zama da majinyaci ana tattaunawa. Saboda shi ne ya fi daɗewa a zaune da mutum, sau da yawa shi ne farkon wanda kan ji abin da aka ɓoye wa kowa. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta ƙasa ta sha kokawa cewa 'ya'yanta da ke aiki a Najeriya ba su kai 300 ba, ga al'ummar da ta haura miliyan 200. A Arewa maso Gabas, asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da aka sani shi ne na Maiduguri, don haka mutumin Dukku ko Ningi ko Kaltungo yakan dogara ne da sassan da ke asibitin koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauchi da asibitin koyarwa na tarayya a Gombe.

Abin da ake nufi da ƙaro ilimi bayan fara aiki

Tsarin ba baƙo ba ne a asibitocinmu. Likita a Najeriya ba ya sabunta lasisinsa na shekara a wurin hukumar MDCN mai kula da aikin likitoci sai ya nuna makin da ya tara daga tarukan ƙara wa juna sani, haka ma malaman jinya da ungozomomi da masana haɗa magunguna suna da irin nasu na dole. Hikimar ita ce takardar shaida tana nuna abin da mutum ya sani ne a ranar da ya kammala, alhali ilimi da doka ba sa tsayawa jiransa. Masana halayya suna da ƙungiyoyinsu, NPA da NACP, waɗanda ke shirya tarukan shekara, kuma sun daɗe suna fafutukar samun majalisa mai ƙarfin doka da za ta riƙa tantance wanda ya cancanci yin aikin.

Inda aka fi fayyace abin dalla-dalla shi ne Amurka, inda kowace jiha ke da hukumar ba da lasisinta. A jihar Fensilbaniya, masanin halayya sai ya yi sa'o'i 30 na ƙarin karatu duk shekara biyu, daga ciki 3 a kan ɗa'ar aiki, 2 a kan gane alamun cin zarafin yara da kai rahotonsa, 1 kuma a kan hana kashe kai. Kalifoniya ta sa sharaɗin sa'o'i 6 na koyon auna hatsarin kashe kai tun daga farkon 2020. Asalin wannan yunƙuri yana komawa ne ga jihar Washinton, inda wani lauya mai suna Matt Adler ya halaka kansa a 2011 duk da cewa yana ganin masu jinya. Matarsa, wadda malamar jami'a ce, ta lura cewa da yawa daga cikin ƙwararrun da ake kai musu irin mijinta ba a taɓa koya musu wannan fanni sosai ba, ta dage har majalisar jihar ta yi doka da sunansa a 2012, wadda ta wajabta horon sa'o'i 6 duk bayan shekara shida. Abin lura a nan shi ne, ko a ƙasar da ke da ma'aikata masu yawa, an tarar cewa mutum na iya kammala karatu mai zurfi a fannin ƙwaƙwalwa ba tare da an zaunar da shi an nuna masa yadda ake tambayar majinyaci ko yana shirin mutuwa ba.

Dokokin da suka canja, da wanda bai canja ba

Duk masanin halayyar da ya kammala karatu kafin 2023 ya yi shi ne a ƙarƙashin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, wadda ta samo asali daga dokar Turawan mulkin mallaka ta 1916, kuma babbar damuwarta ita ce yadda za a tsare mai taɓin hankali. A watan Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda ta ba majinyaci haƙƙin a nemi yardarsa, a kare sirrinsa, a kuma cika sharuɗɗa kafin a kwantar da shi ba da son ransa ba. A watan Yunin 2023 ɗin kuma aka sa hannu a kan dokar kare bayanan jama'a, wadda ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar kariya ta musamman. Wannan ta shafi abin da ya zama ruwan dare a yau, wato ɗaukar hoton fayil ɗin majinyaci a tura wa abokan aiki ta WhatsApp domin neman shawara. Ga kuma Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, wadda sashenta na 20 ya hana asibiti ƙin karɓar mai buƙatar agajin gaggawa ko da wane dalili, sashe na 26 kuma ya tsara sirrin majinyaci. Ma'aikacin da bai koma aji ba tun da ya fito, to da wace doka yake aiki?

Wanda ya fi ɗaure kai shi ne kundin hukunta laifuka na Arewa, wanda aka fi sani da Final Kod, da ya fara aiki a 1960. Sashensa na 231 ya tanadi ɗaurin da zai iya kaiwa shekara ɗaya, ko tara, ko duka biyun, ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa, kuma sashe na 327 na kundin Kudu ya zo da kwatankwacin haka. Ingila da muka gaji wannan tunani daga gare ta ta soke nata tun 1961. Jihar Legas ta karkata nata zuwa umarnin kotu na a kai mutum asibiti. Indiya ta sassauta a 2017, Fakistan ta soke a 2022, Gana da Malesiya suka bi a 2023, a farkon 2025 kuma babbar kotun Kenya ta ce irin wannan sashe ya saɓa wa tsarin mulkin ƙasar.

Akwai abin da masu murnar kwamitin Abuja ba su cika faɗa ba. Hukunta yawancin laifuka a Najeriya hurumin jihohi ne, saboda haka ko Majalisar Tarayya ta gyara nata, matuƙar majalisar dokokin Bauchi ko ta Gombe ba ta taɓa sashen da ke kundin jiharta ba, yana nan da ƙarfinsa. Ma'aikacin da ya ji a rediyo cewa “an soke” ya kuma tabbatar wa iyalin majinyaci haka ba tare da ya duba dokar jiharsa ba, yana iya jefa su cikin abin da ba su shirya masa ba.

A cikin ɗakin ganawa

Mu ɗauki misali domin a ga abin kusa. Saurayi ne ɗan kasuwar hatsi a Tudun Hatsi, ya ci bashi ya sayi masara ya ajiye da fatan farashi zai tashi, sai farashin ya karye, masu bashi suka fara sallama a ƙofar gida. Ya daina cin abinci, ya daina fita majalisa, barci ya ƙaurace masa. An yi masa tofi da rubutu, daga baya bappansa ya kawo shi asibiti. Bayan an yi nisa da hira, ya sunkuyar da kai ya ce, “Malam, ni dai na gaji. Da ma in kwanta kada in tashi.” Kafin ma'aikacin ya ce uffan sai ya ƙara da cewa, “Amma don girman Allah kada Bappa ya ji.” Bappan kuwa yana zaune a kan benci a bakin ƙofa, kuma da an buɗe zai miƙe ya ce, “Likita, me yaron nan ya faɗa maka? Ni ne a matsayin ubansa.”

Sashe na 26 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ya lissafa inda aka yarda a bayyana sirri: idan majinyaci ya amince a rubuce, ko kotu ta ba da umarni ko wata doka ta buƙata, ko iyaye ko waliyyi suka nema game da yaro ko wanda ba ya iya ba da yarda da kansa, ko kuma idan ɓoyewar za ta zama babbar barazana ga lafiyar jama'a. Girman bappa a gida ba ya cikin wannan jeri, haka ma tambayar suruki ko ubangida a wurin aiki. Ɗa'ar aikin kuma ta yarda a keta sirri idan rai na cikin hatsari na kusa, alhali lafazin sashen bai ambaci wannan ƙarara ba. Daidaita waɗannan biyu abu ne da ke buƙatar a zauna da lauyan da ya san dokar lafiya, a kuma karanta shi tare da sabuwar dokar 2023. Yawancin littattafan da ake karantarwa da su a jami'o'inmu daga Amurka suka zo, cike da bayanin shari'ar Tarasoff ta 1976, inda kotun ƙolin Kalifoniya ta ɗora wa mai jinya nauyin kare wanda majinyacinsa ya yi barazanar kashewa. Darasi ne mai amfani, amma hukuncin wata ƙasa ne, kuma ɗalibin da ya haddace shi bai san sashe na 26 ba, alƙalin Gombe ba zai saurare shi da shi ba.

Wanda ya samu horo mai kyau ya riga ya faɗa wa saurayin tun farkon zama cewa duk abin da ya faɗa amana ne, in ban da abin da ya shafi ransa ko ran wani, saboda haka idan aka zo wannan gaɓa ba zai ji an ci amanarsa ba. Daga nan sai ya yi tambaya kai tsaye, cikin natsuwa: tunanin yakan zo sau nawa, ya tsara wani abu, ya taɓa gwadawa, me ya riƙe shi har yau. Sai ya nemi saurayin ya zaɓi da bakinsa wanda za a shigo da shi cikin maganar, wataƙila Addarsa ko wani amini, ba lallai bappan ba. Wannan zaɓi yana da nauyi ƙwarai idan majinyaciyar mace ce, domin wanda ya rako ta asibiti yana iya zama shi ne silar baƙin cikinta. Idan kuma hatsarin ya kai inda dole a sanar ko bai yarda ba, sai a faɗi iya abin da zai kare rai, a bar zancen bashi da sauran sirrinsa, a kuma rubuta a fayil abin da aka gani da dalilin matakin da aka ɗauka.

Rubutun fayil ɗin ma jarrabawa ce. Idan an riga an yi yunƙurin, iyali sukan roƙa a rubuta cewa kuskure ne ko zazzaɓi, saboda tsoron 'yan sanda da kuma tsoron kada 'yan uwansa mata su rasa mazan aure. Tsoron nasu ba na banza ba ne. Sai dai babu alamar da ta fi nuna hatsarin gaba kamar yunƙurin da ya gabata, kuma idan an goge shi daga fayil, likitan da zai ga mutumin bayan wata shida zai yi aiki ne a cikin duhu.

Abin da aka koya da, wanda yanzu aka bari

Mun taso da cewa labarin zuciya a tambayi fuska, muna kuma gudun ambaton mugun abu kada mu yi wa mutum baki. A wannan fanni fuska tana yaudara, musamman a inda kunya da kara da fulaku suka hana mutum nuna gazawarsa. Binciken da aka yi ta maimaitawa ya nuna cewa tambayar mutum ko yana tunanin halaka kansa ba ta dasa masa tunanin, sau da yawa ma sauƙi take kawo masa. Amma yin tambayar da Hausa ko Fulatanci ko Tangale, ga dattijon da ya haife ka ko ga matar aure a gaban mijinta, gwaninta ce da sai an yi ta gwaji a aji, domin jimlar da aka haddace da Turanci ba ta shiga kunne idan aka juya ta kalma da kalma.

A da akan sa majinyaci ya sa hannu a takardar alkawarin ba zai cutar da kansa ba. Irin tamu ita ce a ce masa, “Rantse da Allah ba za ka sake ba.” Hankalin iyali yakan kwanta, na ma'aikaci ma haka, amma ba a samu hujjar cewa alkawarin yana hana komai ba, kuma wanda ya rantse, idan tunanin ya dawo masa, kunyar rantsuwar takan sa ya yi shiru. Abin da ya maye gurbinsa shi ne tsarin kariya da masana biyu, Barbara Stanley da Gregory Brown, suka wallafa a 2012, inda ake zama da majinyaci a tsara alamun da ke nuna masa cewa duhun ya fara saukowa, abin da zai yi da kansa, wurin da zai je ya zauna cikin mutane, wanda zai kira, da yadda za a nisanta shi daga abin da zai iya cutar da kansa da shi. Ga wanda ba ya karatun boko, ana iya rubuta masa da ajami ko a naɗa masa da murya a wayarsa. Haka nan, jadawalin da ke raba mutane zuwa masu ƙaramin hatsari da matsakaici da babba, wanda aka daɗe ana dogaro da shi, hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta ce a 2022 a daina amfani da shi wajen hasashe ko yanke shawarar wanda za a sallama.

Nisanta mutum daga abin cutarwa ya shafe mu kai tsaye a matsayinmu na manoma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 20 cikin 100 na irin wannan mutuwa a duniya ta hanyar magungunan gona ne, kuma Siri Lanka ta ga raguwa mai yawa bayan ta haramta mafi hatsarinsu. NAFDAC ma ta taƙaita sayar da wasu a 2019. Dalilin da ya sa hakan ke aiki shi ne tsananin tunanin yakan zo ne ya wuce cikin ɗan lokaci. A gidan manomi a Dadin Kowa ko Balanga, tambayar inda ake ajiye maganin feshi da wanda ke riƙe da makullin tana cikin jinya. Sai kuma makonnin farko bayan sallama daga asibiti, waɗanda su ne mafi hatsari, daidai lokacin da kowa ya ɗauka an warke. Tun a shekarun 1970 wani likita a Amurka, Jerome Motto, ya gwada aika wa irin waɗannan mutane gajerun wasiƙun gaisuwa kawai, aka kuma ga ƙarancin mutuwa a cikin waɗanda suka samu a shekarun farko. A wurinmu da gaisuwa take al'ada, kiran waya na minti biyu ba zai gagara ba.

Masu ja da maganar

Mafi ƙarfin ja yana zuwa ne ta fuskar addini, kuma ya cancanci a saurare shi da girmamawa. Masu wannan ra'ayi suna ganin cewa kashe kai babban zunubi ne a Musulunci da Kiristanci, cire hukuncinsa zai zama kamar sassauta shi a idon matasa, kuma masanan da aka horar da littattafan Turawa za su mayar da saɓon Allah ya zama ciwo kawai. Haramcin ba abin jayayya ba ne, aya ta 29 a Suratun Nisa'i ta hana a fili. Sai dai ayar ta rufe ne da cewa Allah mai jin ƙai ne a gare ku, kuma a Sahihu Muslim akwai labarin mutumin da ya yi hijira tare da Ɗufailu ɗan Amru, ciwo ya tsananta masa a Madina har ya yi wa kansa raunin da ya zama ajalinsa, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya roƙa masa gafara. Yunƙurin kashe kai ba shi da haddi, hukuncinsa ta'aziri ne da shugabanni ke dubawa gwargwadon maslaha, shi ya sa ƙasashe masu rinjayen Musulmi irin Fakistan da Malesiya suka iya soke ɗaurin ba tare da sun halatta aikin ba. Ni ina tare da masu cewa ɗauri ba ya tsorata wanda ya riga ya fid da rai, iyalinsa kawai yake tsoratarwa su ɓoye shi a ɗaki. Amma na yarda da rabin ƙorafin: masanin da bai san yadda zai yi magana da liman ko fasto ba, ko yake raina ruƙiyya a gaban wanda ya yi imani da ita, zai kori majinyacinsa da kansa, kuma wannan ma darasi ne da ya kamata ya shiga manhajar.

Ja na biyu daga ma'aikatan yake fitowa. Albashi bai taka kara ya karya ba, tarukan kuma galibi a Abuja ko Legas ake yi, kuɗin mota da masauki da rajista duk daga aljihun mutum. Akwai kuma tsoron abin ya zama cinikin satifiket. Na taɓa zama a wani taron bita na ma'aikatan lafiya inda zauren ya cika maƙil lokacin sa hannu a takardar halarta, bayan an raba abinci da alawus kuwa ba a bar mutum goma ba, mai gabatarwa yana ta karanta allo ga kujeru. Duk wanda ya sa hannu ya samu takardarsa. Idan irin wannan za a wajabta, gara a bar mutane a bakin aikinsu. Horon da zai yi amfani shi ne na mutum kaɗan, a yi shi a Gombe ko Bauchi ko Azare, a kawo matsala irin ta saurayin can a gwada ta baki da baki, wani ya zama majinyaci wani ya zama bappa, lauya yana gefe yana gyara.

Wasu kuma suna cewa masana halayya 'yan ƙalilan ne, gara a kashe kuɗin a kan ma'aikatan ƙananan asibitoci ta shirin mhGAP na koya musu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shi a 2008. Gaskiya ne cewa su ne ke kusa da jama'a, amma waɗannan 'yan ƙalilan ɗin su ne ke koyar da su da duba aikinsu, kuma tsohon ilimin da ke kan malami shi zai sauka har ƙauye.

Abin da ya shafi mai kai ɗan uwansa asibiti

Ga talaka, amfanin farko shi ne samun wanda zai iya faɗa wa abin da ke ransa ba tare da labarin ya riga shi isa unguwa ba, domin tsoron tonon asiri yana cikin abin da ke sa a yi ta yawo tsakanin mai magani da kemis har lokaci ya ƙure. Na biyu shi ne raguwar kuskure ta kowane ɓangare, wato kada a sallami wanda ke cikin hatsari da maganin barci kawai, kada kuma a tsare wanda bai kamata a tsare ba don iyali sun matsa. Ɗalibai a jami'o'in Gombe da Kashere da Gaɗau, waɗanda ofishin ba da shawara shi ne wurin zuwansu na farko idan jarrabawa ko kuɗin makaranta ko soyayya ta rikice, suna cikin waɗanda za su fi cin moriyar ma'aikacin da ya san lokacin da ya dace a kira iyaye da lokacin da bai dace ba.

Kafin a kai ga wajabta horon, akwai abin da iyali ke da ikon yi tun yanzu. Wanda ya cutar da kansa a garzaya da shi asibiti mafi kusa, a faɗa wa likita gaskiyar abin da ya faru, kuma doka ba ta yarda a ƙi karɓarsa ba. Wanda ya furta cewa ya gaji da rayuwa kada a bar shi shi kaɗai, kada a rufe shi da faɗa, a kwashe magunguna da kayan feshi daga inda hannunsa zai kai. Hotonsa ko wasiƙar da ya bari kada su hau Facebook, domin yaɗa irin wannan yana ingiza wasu masu rauni. Majinyaci na da damar tambaya tun a zaman farko wane ne zai ga fayil ɗinsa da kuma yanayin da zai sa a sanar da wani. A ranar sallama kuma, kafin a karɓi kati a fita, mai rakiya ya tsaya ya tambayi ranar dawowa, da wanda za a nema idan abin ya taso da tsakar dare, da wanda zai kira gida a cikin makon farko.